Daren 1960 a Legas: Abin da Shagon Hayar Kayan Da Ya Iya da Wanda Bai Iya Ba

Akwai wani shago a Agege, a saman bene, ba nisa da layin dogo, wanda sana'arsa ita ce shirya wa ƙungiyoyi da iyalai daren tuna baya. Ana zaɓar wani zamani da ya wuce, mahalarta su yi shigar mutanen lokacin, a ci abincinsu, a ji kiɗansu, a yi rawarsu. Shagon yana ba da hayar tufafi, yana kawo masu naɗa rawani, yana ƙawata zaure, yana haɗa ku da makaɗa da masu girki. Hukuncinmu a taƙaice shi ne: a kayan maza babu na biyunsu a Legas ta wannan gefen, a kayan mata suna da rauni, sannan ingancin aikinsu gaba ɗaya ya danganta da yadda mai biki ya tsare su da shekara guda da wuri guda a rubuce. Wanda ya ce musu kawai "a yi mana na gargajiya" zai sami gauraye, rigar zamanin Turawa a kan hular jiya.

Tsari biyu suke sayarwa. Na farko suna kiransa zangon fatake, wato zaman 'yan kasuwar goro na Agege a shekarun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano, daga 1912 zuwa gaba. Na biyu shi ne daren samun 'yancin kai, wanda ke kwaikwayon liyafar da aka yi a Legas a makon 1 ga Oktoba 1960, lokacin da aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, Gimbiya Alexandra na wakiltar Sarauniyar Ingila. Na biyun ya fi kasuwa kuma ya fi tsada, shi ne kuma ya fi saurin lalacewa, don haka a kansa za mu fi tsayawa.

Mu fara da ɗakin rigunan maza, inda kuɗinku zai fi yin amfani. Suna da manyan riguna na saƙi da tsamiya da barage, akwai ƙore mai sheƙin shuni, akwai aska biyu da aska takwas, da wando buje da mai kamun ƙafa, da kufta da jabba da falmaran. Kusan rabin abin da ke rataye tsofaffi ne na gaske da aka sayo daga gidaje a Kano da Zariya da Bida, sauran sababbi ne da aka ɗinka a kan samfurin da. Bambance su ba wuya. A juya wuyan rigar a dubi bayan aikin. Aikin hannu za a ga zaren yana tafiya ba daidai wa daida ba, nan ya matse can ya saki, da ƙananan ƙulli inda zare ya ƙare aka ɗaura wani. Aikin keke kuwa bayansa shimfiɗe yake sumul da farin zaren ƙasa, layi bayan layi kamar an auna. Haka jikin rigar: saƙin hannu tsiri-tsiri ne da faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, an harhaɗa su da allura, idan aka ɗaga wa haske ana ganin mahaɗin. Ma'aikatan ba sa ɓoye wannan idan an tambaye su, amma idan ba a tambaya ba, farashin ɗaya suke yankawa. A nemi a rubuta lambar kowace riga a rasit.

Abin da ya kamata a sani game da tsohuwar riga shi ne nauyi da zafi. An saƙa ta ne don iskar Arewa, ga shi za a sa ta a Legas inda gumi ba ya bushewa. Mutum mai 'yar ciki da wando buje da rigar saƙi da rawani, idan na'urar sanyaya zaure ta tsaya minti ashirin, zai fara neman ƙofa. Shawarar da shagon ke bayarwa daidai ce: a bar tsofaffin riguna ga mutum goma ko goma sha biyu da za su zauna a gaba, sauran jama'a su sa fararen riguna marasa nauyi na alawayyo ko shadda maras ƙyalli. Mai son ɗinka nasa ya sayi yadi 10, ya isa riga da 'yar ciki da wando, amma ya guji shaddar zamani mai walƙiya, hoto ɗaya zai tona asirinta.

Ƙore da rawanin ɗan Kura suna da wata matsala ta daban. Sheƙin nan da ake so shuni ne da aka buga a jikin yadin da mabugi, bai shiga zare ya zauna ba, saboda haka yana fita. Yana fita a wuya da goshi, yana fita a farar rigar wanda aka rungumo, yana fita a rigar kujera. Da alwala abin ya fi muni, domin jiƙaƙƙen hannu ɗaya a ƙirjin ƙore yana barin tabo maras sheƙi da ba ya gyaruwa sai an mayar wa mabuga. Duk wanda zai sa su ya yi alwalarsa tukuna, ya bushe sarai, a sa masa baƙar hula a ƙarƙashin rawanin, a shimfiɗa baƙin ƙyalle a kujerarsa. Shagon ba ya faɗar wannan sai ranar mayar da kaya, lokacin da ake lissafin abin da za a cire daga kuɗin ajiya. Wannan ba adalci ba ne, ya kamata su rubuta shi a takardar haya.

Naɗi kuwa sun iya. Dattijon da ke jagorantar masu naɗin ya san bambancin naɗin malami da na attajiri da na basarake, kuma ba ya yarda ya fitar wa kowa kunne biyu. Idan matashi ya nace, amsar da yake bayarwa ita ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan na gidan sarauta ne, bari in yi maka na fatake, ya fi kama jikinka." Yana da gaskiya. A Kano kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan sarki, kuma Legas cike take da masu sarautar Hausawa na unguwanni, daga Agege zuwa Idi-Araba da Obalende, waɗanda ake gayyata irin wannan taro. Haka alkyabba da kakaki. Idan wasan yana buƙatar wanda zai fito a matsayin sarki, a je a gaida Sarkin Hausawan unguwar tun da wuri a nemi izini, a kuma sanar a zaure cewa kwaikwayo ne. Inda lissafinsu ke kuskurewa shi ne yawan hannu. Naɗi mai kyau yana cin kamar minti 8. Mutum 30 ke nan awa 4 idan mai naɗi ɗaya ne, shi kuwa tsarinsu na yau da kullum mutum ɗaya yake turowa da yaronsa. A biya kuɗin uku, a ware musu ɗaki mai madubi da fanka.

Yanzu ɓangaren mata, inda abin ya ba mu haushi. Akwatunan cike suke, amma yawanci leshi ne mai duwatsu da ɗinki matsattse mai zif a baya da mayafai masu ƙyalƙyali, kayan da ba su wuce shekara ashirin da fitowa ba. Shigar Bahaushiya a 1960 ba ta da wannan hayaniyar. Zane ne na atamfa, wadda a lokacin yawancinta daga Holan da Ingila ake kawowa, ko saƙi ko bunu, da riga mai sauƙi, da kallabi ko fatala, sai wani zanen a yafa ko a lulluɓa. Kwalliyar tana wuya da hannu da ido: murjani, awarwaro, munduwa, kwalli daga tandu, lalle ja har wuyan hannu ba zanen fulawa na baƙin lalle ba. Irin waɗannan shagon yana da saiti kaɗan ƙwarai, kuma murjaninsu na roba ne, ba nauyi ba sanyi idan an taɓa. Mafita ita ce matan su yi nasu. Turmi ɗaya yadi 6 ne, ya isa zane da riga da kallabi, mai son lulluɓi ta ƙara rabin turmi. A kasuwar Balogun har gobe ana samun tsofaffin zanen atamfa da kamfanoni ke sake bugawa, a zaɓi masu launi biyu ko uku. Wani alheri a nan shi ne lulluɓi da zane ya dace da zamanin kuma ya suturta, don haka Hajiyar da ba ta fita sai da hijabi ba ta da abin damuwa. A tambayi iyaye mata, sau da yawa abin da ake nema yana ƙasan adaka a gida. Mai kitso da shagon ke kawowa ta iya doka da zanen yawo, ita kam a riƙe ta. Lalle a yi shi kwana biyu kafin ranar, don ya kama ya daina fita a tufafin haya.

Takalma ba sai an daɗe a kansu ba. Fata da damshin Legas ba sa shiri, yawancin sambatsai da faɗen da ke shagon sun yi fumfuna ko sun bushe sun tsage. Kowa ya zo da nasa baƙin takalmi maras ado.

Batun rawa shi ne wanda kwamiti ya kamata ya yanke tun zaman farko, kafin a biya ko kwabo. Liyafar 1960 ta Turawa ce a tsarinta, namiji da mace riƙe da juna, ana wals mai bugu uku da fokstirot mai bugu huɗu, sannan a sake jiki da hailaif. Ƙungiyar makaɗin hailaif Victor Olaiya na cikin waɗanda suka yi kiɗa a babbar liyafar gwamnati ta wancan mako. Manyan Arewa da suka halarci irin waɗannan tarurruka da riguna da rawuna suka je, kuma zama da gaisawa shi ne akasarin abin da ya kai su. Saboda haka taron Hausawa da ya bar rawar Turawa ga 'yan wasa bai saɓa wa tarihi ba. Shagon yana da ma'aurata huɗu ƙwararru da ke fitowa da kwat da doguwar riga su yi minti 12 zuwa 15 su koma, kuma sun iya, ƙafarsu ba ta kuskure. Idan wasu daga cikin mahalarta suna son su taka da matansu, akwai malamin rawa da ke yin gwaji sau biyu. Sau biyu ya isa wals, bai isa fokstirot ba. Mai babbar riga ya naɗe hannuwanta a kafaɗa ya sa a kama su da allura ta ciki, in ba haka ba zagaye na biyu za su zubo ya taka su. A gefen mata zalla, kiɗan ƙwarya da shantu ya fi komai tayar da zaure, kuma matan da shagon ke ɗaukowa daga Mil 12 tsofaffin hannu ne.

Makaɗan maza, kalangu da goge da kukuma, babu laifi, sai dai a ja musu kunne a kan waƙa. Idan aka sake su za su koma waƙoƙin siyasar bana da kirarin wanda ya fi liƙi, nan take 1960 ta watse. A ba su sunayen waɗanda za a wasa da jerin abin da za a buga. 'Yan badujala na hailaif kuma a tabbatar da ƙaho da ganga na gaske za su zo, ba yaro ɗaya da madannin lantarki ba. Taken ƙasa bai zama matsala ba, tunda wanda aka rera a 1960 aka bari a 1978 shi aka dawo da shi a 2024, kowa ya ji shi kwanan nan.

Garmahonsu, wato tsohon akwatin kiɗan faifai, na gaske ne kuma yana aiki, abin sha'awa ne ganin an buɗe murfin an murɗa hannunsa an yi masa ɗauri, an ɗora allura, shassheƙar faifan ta fara fita kafin kiɗa. Amma gefe ɗaya na faifai kamar minti 3 ne, kowane gefe sai an sake ɗauri an canja allurar ƙarfe, kuma muryarsa ba ta wuce tebur uku. A ajiye shi a bakin ƙofa inda baƙi ke shigowa, da mutum guda da aikinsa ke nan. Kiɗan cikin zaure a bar wa lasifika, a ɓoye ta bayan asabari.

Dabarar da muka fi yaba musu ita ce ta liƙi. Naira ba ta zo ba sai 1 ga Janairu 1973, a 1960 fam da sule da sisi da taro da kwabo ake kashewa. Shagon yana buga takardu masu sunan taronku da darajar fam ɗaya ko sule goma, baƙo ya saya a teburin ƙofa, ya yi liƙi da su, makaɗa su kai su canja a ƙarshe. Wannan ya kiyaye kamannin zamanin, ya kuma raba ku da dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 da ta hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki. A sa amintaccen mutum biyu a teburin, a ƙirga takardun gaban wakilin makaɗa kafin a fara, domin rigimar da ke biyo baya kullum a kan takardun da suka ɓace a aljihun baƙi ne. A amince tun farko cewa kuɗin da aka karɓa a tebur shi za a raba, ba adadin takardun da suka dawo ba.

Kayan ƙawata zaure sun wadatar: tabarmi da darduma da buzu, fitilun ƙwai, tsohuwar rediyo mai akwatin katako, keken hawa, huhun goro, da tsofaffin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a 1939, an sake buga su manya an manna a allo. Zaurukan haya a Legas ba sa yarda da kananzir ko kyandir, don haka an sa ƙananan ƙwayaye masu batir a cikin fitilun. A duba launin hasken, wasu fari ne fat mai kashe ido, a ce sai mai ruwan ɗorawa. Abin da ke ɓata hoto a irin wannan dare ƙanana ne: kujerar roba da rigarta ta zame, ruwan leda a kan tebur, waya a hannun mai rawani. Suna da tuluna da butoci da kofunan silba, amma sai an nema, ba sa cikin tsarin.

Wurin taro ba su ke samarwa ba, shawara kawai suke bayarwa. Don hotuna kafin biki suna kai mutane tsohon gidan Jaekel da ke harabar ma'aikatar jirgin ƙasa a Ebute Metta, ginin 1898, wanda ya dace da labarin fatake da layin dogo. Masu son fili a tsibiri sukan dubi Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Fili a Legas sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa na iya sauka ba sallama, kuma ruwan sama a kan ƙore asara ce ta gaba ɗaya. Idan kayan za su tsallaka gada daga Agege zuwa tsibiri, motar ta tashi da asuba, kada a yarda da alkawarin "muna hanya" da la'asar. Mafi sauƙin jadawali shi ne a fara naɗi bayan la'asar, a yi Magariba da Isha'i a wurin, a buɗe ƙofa ƙarfe 8 da rabi.

Abinci ba su ke dafawa ba, suna miƙa wa wasu mata ne, kuma ingancin yana hawa yana sauka gwargwadon wadda aka samu. A nemi ɗanɗano mako biyu kafin ranar. Ga mutum 120, a ƙiyasta waina huɗu huɗu, wato 480, da miyar taushe, da raguna matsakaita 4 na balangu, waɗanda gara kwamiti ya sayo da kansa ya miƙa wa mai gashi. Goro ƙwarya biyu, wato 200, fari da ja, a ajiye shi cikin ganyensa da ɗan damshi har lokacin rabo. Alkaki da nakiya da dubulan a yi su tun kwana uku, ba sa lalacewa. Waina ce ke ba da wahala, domin idan aka soya ta da rana aka tara a kula, tururi yana mayar da ita laɓe-laɓe. A kafa tanda biyu a bayan zaure a riƙa soyawa ana kaiwa. Fura kada a dama ta gaba ɗaya, nono a zafin Legas yana tsami cikin awa biyu, a dama kashi kashi, sauran yana cikin ƙanƙara. Akusan shagon na ado ne, da yawa sun tsage kuma tsohon mai ya shige cikin katakon yana wari, langunan kuma wasu fentinsu ya ɓare sun yi tsatsa. A jera su a gani, a zuba abinci a tasoshi masu lafiya.

Sharuɗɗan kuɗi: rabi kafin alƙalami, sauran ranar ɗaukar kaya, ga kuɗin ajiya daban da ake mayarwa idan komai ya dawo lafiya cikin awa 48. Suna son mako 8 na shiri, kuma a watan Satumba da Disamba ko mako 8 ɗin bai isa ba, saboda kowa Oktoba da ƙarshen shekara yake so. Gwajin kaya sau biyu ne, na farko don zaɓi, na biyu mako guda kafin ranar. Kada a tsallake na biyun, nan ake gano rigar da aka ba wani taron ta dawo da yagewa, ko hular dara da ta matse kai.

Ranar ɗauka a buɗe kowace riga gaban ma'aikacinsu, a ɗauki hoton wuya da hammata da bakin aljihu da gefen ƙasa, a tura musu ta WhatsApp nan take don kwanan wata ya zauna. Bayan biki kada kowa ya kai rigar haya wurin wanki, ruwa da sabulu suna kashe tsamiya da ƙore, kuma cikakken kuɗin riga za a caje ku. A shanya su a inuwa ƙarƙashin fanka dare ɗaya don gumi ya fita, a ninke ƙore ita kaɗai cikin takarda, kada a haɗa ta jaka ɗaya da fararen kaya. Rawuna a warware su a ƙirga tun a zaure kafin mutane su watse, domin su ne baƙi suka fi tafiya da su gida a kai.